Sanarwar da Ba Ta Isa Tsibiri Ba

Idan ka tambayi mutanen kasuwarmu labarin Tak Pansu, abin da za su fara gaya maka shi ne yana da hannu, rediyon da ya kwana a ruwan gishiri ma yana iya sa shi magana. Sai su rage murya su ƙara da cewa shi ne ya jawo wa Tsibirin Awaki asarar noman shekara guda. Masu sayar da ƙaguwa cewa suke girman kai ne da shi, shi ya sa ba ya kallon idon mutum. Mai wainar shinkafa ta ce a'a, kunya ce ta sunkuyar masa da kai. Yara kuma sun taso sun tarar ana ce masa Injiniya Shiru, sun ɗauka sunan da ubansa ya raɗa masa ke nan.

Shekara ashirin da huɗu rumfata tana kallon tasa. Ban taɓa jin ya kare kansa ba.

Wadda ta fi kowa baki a kansa ita ce Okbun, uwar Gilsu, wadda nake kira Yaya don ta girme ni da shekara uku. Rumfarta tana jikin tawa, a bakin ƙofar da jirgin tsibiri yake tsayawa, tana sayar da ƙananan kifaye busassu. Kusan kowace safiya, in Pansu ya zo wucewa da akwatin kayan aikinsa, sai ta ɗaga murya.

"Ga mai gyara nan! Injiniya, yau kuma wa za ka kashe wa tasha?"

Sai ya ɗan sunkuya ya ce, "Ina kwana, uwar Gilsu," ya wuce.

Gidan rediyon da ake wannan magana a kansa ƙungiyar masunta ce ta kafa shi tun ina amarya, a ɗaki biyu saman ma'ajiyar ƙanƙara. Muryar Masunta ake ce masa. Ba ya faɗin komai sai abin da ya dame mu: ƙarfin iska, lokacin da teku zai cika da lokacin da zai janye, farashin kifin safe, wanda ya rasu, wanda karensa ya ɓata. Pansu ne mai kula da injin, shi ne mai hawa sandar eriya in iska ta karkatar da ita.

Mu kuwa ba mu san lambar tasha ba. Ga iskar nan tamu mai gishiri tana cin abin murɗa rediyo, in ka cika juya shi sai ya gutsure a hannunka. Saboda haka duk wanda ya sayi rediyo sai ya kai wa Pansu, ya kamo masa tashar, ya ɗiga jan farce a kan gilashin daidai inda allura ta tsaya, ya liƙe abin murɗawar da danƙo. Daga nan ba ka da aiki sai kunnawa da kashewa. Haka yake a rumfuna, haka yake a jirage, haka yake a gidajen tsibiri.

Tun daga lokacin tashar ta canja hannu ba sau ɗaya ba. Wani kamfani daga birni ya saye ta ya cika mana kunne da waƙoƙin samari, labarin iska ya koma minti biyu. Masu wa'azi suka yi hayarta shekara uku. Daga baya ƙungiya ta karɓe abinta ta mai da ita zangon FM. Amma canjin da ba a manta ba shi ne canjin mita na farko.

A waccan shekarar wata babbar tasha daga tsallaken teku ta fara danne tamu, sai hukuma ta ce a matsa zuwa wata mita. Pansu ya bi jiragen da ke gaɓa ɗaya bayan ɗaya, ya bi rumfuna, yana kankare tsohon ɗigo yana sa sabo. Tsibiri ne bai je ba. Mutanen can suka kunna rediyo suka ji shuuu, suka ce injin ne ya sake lalacewa, dama ya saba. Kwana uku suna jira a gyara. Lokacin an kafa turakun gora an shimfiɗa ragar da ganyen teku yake kamawa, wanda shi ne noman tsibirin, kuma da sun ji gargaɗi da sun naɗe ta sun shigar gida cikin yini ɗaya. Rana ta uku guguwa ta taso daga kudu. Gida goma sha ɗaya ba wanda ya tsira da raga ko ɗaya, har da gidan Dukchil, mijin Okbun.

Mutanen tsibiri suka zo har saman ma'ajiyar ƙanƙara suna dukan ƙofa. Pansu ya fito ya ce, "Laifina ne, ni ya kamata in je da ƙafata." Bai ƙara ko kalma ba. Ƙungiya ta sallame shi, ya kama rumfa a ƙarshen layin kifi. Dukchil ya sayar da jirginsa ya koma gadi, ya saba da giyar shinkafa, ya rasu shekara takwas da suka wuce yana tsine wa Pansu.

Wannan shi ne abin da kowa ya sani, ni ma shi na sani.

Ina da shekara sittin da uku aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a ɗakin taron kasuwa. Ranar farko na shiga ina ɓoye fuska, sai ga Yaya Okbun zaune a kujerar baya. Na tsaya baki buɗe. Matar da tun da na san ta tabarau yake rataye a wuyanta, matar da take shimfiɗa jarida a kan cinya in ciniki ya lafa.

"Rufe bakinki kar ƙuda ya shiga," in ji ta. "Na zo in ga ko malamar ta iya ne."

Sai da muka yi wata biyu ta gaya mini gaskiya a hanyar gida. Hotuna take kallo a jaridar. In an miƙo mata takarda sai ta ce tabaran ya yi mata rauni, ko ta bar mai kyaun a gida. Ko Dukchil har ya mutu yana taƙama da cewa ya auri mai ilimi.

Wanda ya koyi karatu da tsufa yana da wata cuta: ba ya iya wuce rubutu bai karanta ba, kuma da ƙarfi. Buhun gishiri, bayan mota, kwalin taliya, duk ba su tsira daga gare mu ba. Jikokina har gudun fita da ni suke yi.

A bazarar shekararmu ta biyu abubuwa uku suka zo tare. Ofishin kasuwa ya ce a fitar da tsofaffin teburan katako a sa na ƙarfe. Tashar ta ce za ta sake matsawa zuwa sabuwar mita, ta koma kiɗa don baƙin da suke zuwa wanka a teku, masunta a bar musu minti goma da sassafe. Pansu kuma ya liƙa takarda a rumfarsa cewa ranar Asabar zai rufe, 'yarsa za ta ɗauke shi zuwa garinsu can cikin duwatsu, duk mai son ɗigo ya kawo rediyonsa kafin nan.

"A sauka lafiya," in ji Okbun da ta gama haɗa baƙaƙen takardar. "Can ba teku, ba wanda zai kashe."

Ranar Talata muka taru muna kwashe kayan teburinta. Ta zaro aljihun teburin ta kife shi, sai ga takardun da aka shimfiɗa a ƙasansa tun da daɗewa sun faɗo, sun yi ruwan ƙasa, suna warin kifi. Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga.

"Tsaya ki ji gwana," ta ce. "Sa... nar... wa. Ga mu... ta... nen... Tsi... birin... Awaki."

Ta yi dariya ta ci gaba. Ina naɗe igiya ina saurare. A layi na biyu dariyar ta tsaya. Ta bi layin da yatsa har ƙarshe, leɓenta yana motsi ba sauti. Sai ta miƙo mini.

"Karanta mini. Wataƙila ni ce na haɗa ba daidai ba."

Na karanta. Takardar ta ce daga ran sha biyu ga watan goma Muryar Masunta za ta bar mitarta ta koma wata. Ta ce a ɓamɓare danƙon, a murɗa allura hagu kamar faɗin yatsa biyu har a ji murya. Ta ce injiniya zai zo da kansa ranar kasuwa mai zuwa ya sa sabon ɗigo. A ƙasa ga sunan Tak Pansu.

Okbun ta zauna a kan kwandon da ke bayanta. Muka ƙirga, takarda bakwai ce, duk iri ɗaya.

"Guda hamsin Pansu ya kawo," in ji ta a hankali. "Ɗaure da roba. Lokacin zaɓen ƙungiya ne, kowa yana kawo takardu, ke ma kin tuna, mun huta da sayen jaridar ƙunshe kifi. Ya zo yana sauri ya ce, uwar Gilsu, ke da kike karatu, ki raba wa mutanenku in jirgi ya zo, ki karanta wa waɗanda ba su iya ba. Na ce ajiye nan."

"Kin ɗauka na zaɓe ne?"

"Surukinsa yana takara a shekarar. Na ce na surukin ne." Ta dube ni. "Ƙarya nake. Ban san na mene ne ba. Abin da na sani, in na miƙa wa mutum ɗaya, cewa zai yi karanta mana. A gaban kowa, a bakin jirgi. Sai na ƙunshe kifi da su."

Wata mata ta tsaya tana tambayar farashin manyan, na sallame ta. Da na juyo Okbun ta ninke takardun ta cusa a cikin rigarta.

"Uwar Yongja," ta ce mini, "in kika faɗa wa wani, ba ni ba ke har abada."

"Ban ce zan faɗa ba, Yaya."

"Gilsu yana zuwa bikin tunawa da ubansa wata mai zuwa. In ce masa me? Uwarka ce ta mai da ubanka mai gadi?"

Laraba ba ta zo aji ba. Alhamis ba ta buɗe rumfa ba, sabon teburin ƙarfe yana ta walƙiya ba komai a kai.

Ranar Juma'a da hantsi na ɗauki rediyona na tsallaka wurin Pansu. Rabin kayansa sun shiga kwali. Ya karɓa, ya hura ƙurar bayan, ya ɓamɓare danƙon da ƙaramar wuƙa. Gilashin rediyona ɗigo huɗu ne a kansa, don ni ba na bari a kankare tsoho.

"Uwar Yongja, kin mai da shi kamar mai ƙyanda," ya ce. "In goge?"

"Bar su. Sa na biyar."

Ya murɗa a hankali, kunnensa a jikin rediyon, har kiɗan gwaji na sabuwar mitar ya fito. Ya buɗe kwalbar jan farce. 

"Injiniya," na ce, "a shekarar guguwa ka aika takarda tsibiri?"

Bai ɗago ba. Ya ɗiga, ya hura, ya rufe kwalbar.

"Wa ya ce?"

"Ba wanda ya ce. Na iya karatu yanzu."

Ya daɗe yana goge wuƙar a gwiwar wandonsa. Sannan ya ja mini kujera, ya zuba mini shayin sha'ir a murfin flas.

"Washegarin guguwa matata ta aike ni sayen kifin miya," ya ce. "Na je wurin uwar Gilsu, ba ta ma san wa take sallama ba, idonta ya kumbura. Na zo gida na buɗe ƙunshin, sai ga sunana a ciki, mai ya jiƙa shi. A nan na gane ba ta iya ba."

"Ka gane, ka yi shiru?"

"Kin san Dukchil. Kin san hannunsa in ya sha, kin san shi in bai sha ba. Da wannan takardar ta fito a makon nan, ba na jin za ta kai sabuwar shekara a gidansa da ƙafafunta biyu. Gilsu yana aji biyar." Ya kurɓi shayi. "Kuma ban yi ƙarya ba. Jirgin ƙungiya yana nan, awa ɗaya ne zuwa tsibiri. Na ga hadari bai taso ba, na ce ranar kasuwa ta isa. Takarda na aika wa mutanen da na san rabinsu ba sa karatu. Wannan nawa ne."

"To bayan Dukchil ya rasu fa?"

"Lokacin na saba. Ita ma ta saba. In ba ta zage ni da safe ba sai in ga kamar ba ta da lafiya." Ya yi ɗan murmushi. "Kwana biyu ke nan ban ji ta ba. Ta gani ke nan?"

Na gyaɗa kai.

"Ki ce mata ta ƙona. Gobe zan tafi, can ba wanda ya san Tsibirin Awaki."

Da yamma na bi ta gidanta da tukunyar miyar ganyen teku. Na same ta zaune a dandamalin katako, littafin aji a buɗe, takarda ɗaya a kai. Na faɗa mata abin da ya ce, ban rage ba ban ƙara ba, har da ƙunshin kifin, har da maganar ƙonawa. Ta saurara tana kallon tukwanen kimchi, tsimammen kabeji, da ke jere a tsakar gida.

"Shekara ashirin da huɗu ya sani," ta ce. "Ina ce masa mai kashe tasha, yana ce mini ina kwana."

"Haka ne."

"Ɗan banzan tsoho." Ta share hanci da bayan hannu. Sai ta turo mini takardar. "Wannan kalmar ta layi na uku, kullum sai ta kayar da ni. Faɗa mini ita sau ɗaya."

Na faɗa mata. Ta maimaita sau uku. Ban tambaye ta abin da za ta yi ba.

Asabar ta zo daidai da ranar kasuwa, jirgin tsibiri ya sauke mutane tun ƙarfe takwas. Layi ya yi tsawo a gaban rumfar Pansu, tsofaffi da rediyo a hammata, har da waɗanda suka yi shekaru ba su amsa gaisuwarsa ba. Motar mijin 'yarsa tana tsaye a bakin titi.

Wajen ƙarfe goma sai ga Okbun, cikin rigar da take sawa in za ta biki, ba tabarau a wuyanta. Ba ta bi layi ba, ta wuce har gaban teburin.

"Kai, jama'a, a matsa," in ji mai ƙaguwa. "Yaya ta zo rakiya. Injiniya, toshe kunnenka, yau na sallama ne!"

Aka yi dariya. Pansu ya miƙe, ya dube ta, ya girgiza kai kaɗan. Ba ta kula shi ba. Ta juya ta fuskanci layin, ta warware takardar.

"Ku yi mini shiru, karatu zan yi. Ban daɗe da koya ba, wanda ya yi dariya zai sha mari."

"Ke da jaridarki ta shekara arba'in?" wani tsoho daga tsibiri ya ce.

"Hotuna nake kallo, Baban Chunja. Yi shiru."

Ta sa yatsa a layin farko ta fara. Ta karanta sanarwa, ta karanta mutanen Tsibirin Awaki. Da ta kai ran sha biyu ga watan goma, waɗanda suke baya suka daina magana. Ta yi tuntuɓe a kan lambobin, ta koma ta sake. Kalmar layi na uku ta wuce ta lafiya. Ta karanta faɗin yatsa biyu, ta karanta ranar kasuwa mai zuwa, ta karanta sunan da ke ƙasa. Kafin ta gama, injin ma'ajiyar ƙanƙara kaɗai ake ji.

"Takarda hamsin ya kawo mini kwana biyu kafin a canja," ta ce. "Ya ce in raba muku, in karanta muku. Ban iya ba, kuma na ƙi in ce ban iya ba. Na ƙunshe kifi da su. Wasunku sun kai su gida da hannunsu, kun hura wuta da su. Shi ya sani tun washegarin guguwa. Bai faɗa ba saboda baban Gilsu."

Baban Chunja, wanda shi ma ragarsa ta tafi a shekarar, ya cire hularsa ya riƙe.

"Uwar Gilsu, ya isa," in ji Pansu. "Ni ma da na..."

"Ka yi shirunka shekara ashirin da huɗu, ƙara minti ɗaya."

Ta miƙo mini takardar na riƙe. Ta dafa gefen teburin, don gwiwoyinta ba su da kyau, ta sauka a hankali har ƙasa, kan simintin da ruwan kifi ya jiƙa. Ta haɗa hannuwanta ta sunkuya irin sunkuyawar da ake yi wa iyayen miji ranar sabuwar shekara. Pansu ya zagayo zai ɗaga ta, ta ture hannunsa. Ta ɗago kai, ta yi magana yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Injiniya Tak, na ɓata sunanka, na raba ka da aikinka, na bi ka da zagi a kan laifina. Na yi kuskure. Ka yafe mini."